Riwayar Buck O'Neil

Idan aka tambayi dattawan ma'abota wasan besbol a Amurka wane fim ne ya fi gamsar da su game da tarihinsa, da yawa za su ambaci Baseball, wanda Ken Burns ya gabatar a PBS a 1994, kashi tara daidai da zagayen wasan. A ganina, falalarsa ta fi ta'allaƙa ga riwayar Buck O'Neil, dattijon ƙungiyar baƙar fata ta Kansas City Monarchs, wanda ya ba da shaida cikin natsuwa, ba tare da ƙullaci ba, a kan zamanin da aka haramta wa baƙar fata shiga manyan ƙungiyoyin farar fata, har Jackie Robinson ya shiga Brooklyn Dodgers a 1947, alhali shi O'Neil yana da shekara 35, lokacinsa ya riga ya ƙure.