Iyayenmu, Tafin Ranar Gasa Kaɗai Bai Isa Ba



Duk shekara idan 27 ga Mayu ta zo, wato Ranar Yara, makarantu kan haɗu a filin wasa domin gasar fareti. A ranar iyaye kan cika fili. Wata uwa tana guɗa, wani uba ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo, yana nuna wa na kusa da shi cewa mai babbar gangar nan ɗansa ne. Wannan yana faranta mana rai sosai, kuma yabon gwani ya zama dole. Amma mu 'yan badujalar makaranta muna ganin bai kamata alfaharin ya tsaya a rana ɗaya ba.

Kiɗan da ake tafa wa na 'yan mintoci ne, amma sai an yi makonni ana koyonsa. Babbar ganga ita ce ke riƙe takun masu maci. Idan mai bugunta ya kuskure, ƙafafun layi gaba ɗaya sai su rikice, alƙalai kuma su rage mana maki. A watan Mayu na 2024 da aka dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978, sai da masu kiɗa da masu busa suka koye shi daga farko. Wanda bai zo gwaji ba, ta yaya zai iya?

Matsalar ita ce, wasu iyayen da ke tafi a fili su ne ke hana 'ya'yansu tsayawa gwaji bayan an tashi. Wasu sun ce kiɗa sana'ar maroƙa ce. Wasu sun ce yana cinye lokacin karatu. Wasu kuma suna tsoron yaro ya kai magariba a hanya, musamman 'yan mata. Saboda haka kusan kowane zango sai mun rasa wani gwani.

Ba mu ce tsoronsu ba shi da dalili ba. Amma badujala ba roƙo ba ce. Sojoji da 'yan sanda ma suna da tasu. Tana koya mana zuwa a kan lokaci, da sauraron umarni, da aiki tare.

Don haka muna roƙon hukumar makaranta ta rubuta wa iyaye takarda mai ɗauke da ranakun gwaji da lokacin tashi, kuma a riƙa sallamarmu tun da sauran rana. Wanda makinsa ya faɗi a jarrabawa, mun yarda a dakatar da shi sai ya gyara. Muna kuma roƙon ƙungiyar iyaye da malamai ta taimaka a sauya fatun gangunan da suka yage, a saya mana sandunan kiɗa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshe, makaranta ɗaya ce tak ke zuwa ta ɗaya. Idan ba mu ɗauko kofi ba, kada a tarbe mu a gida da cewa mun ɓata lokaci. A ranar ce muka fi bukatar jin "sannunku da ƙoƙari" daga bakin Baba da Mama.