Jiniya Ba Ta Tsayar Da Jini

Duk ranar da mota ta kife tsakanin Jega da Maiyama, kuka ɗaya ake yi: gwamnati ta sayo motocin ɗaukar marasa lafiya, ta gina katafaren sashen gaggawa. 'Yan siyasa ma sun gano lagonmu. Sai a liƙa hoton mai girma a jikin sabuwar mota, a busa jiniya, a yi tafi, kowa ya watse. Ni dai a ganina, mun bar jaki muna dukan taiki.

A kakar albasar bara, a gabana wata babbar mota ta banke wani saurayi a kan babur. Jama'a suka yi masa caa. Wannan ya kama hannu, wancan ƙafa, kai na reto, aka cusa shi a bayan mota. Wani bawan Allah yana ɗura masa ruwa alhali a sume yake. Jini na tsartuwa daga cinyarsa, ba wanda ya danne wurin. Kowa taimako ya zo yi, sai dai babu wanda aka taɓa koya wa yadda ake yi. Irin wannan jinin kuwa mintuna kaɗan yake buƙata ya tafi da rai. Ba zai jira a kai Birnin Kebbi ba, balle asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Masu bincike sun daɗe da gano haka. Wani nazari da aka wallafa a 1998 ya nuna cewa a Kumasi, kusan rabin waɗanda suka ji mummunan rauni sun cika tun ba su ga ƙofar asibiti ba. Mutanen Ghana ba su zauna jiran jiniya ba, suka shiga tashoshin mota suka koya wa direbobin haya sama da 300 taimakon farko. A arewacin Iraƙi da Kambodiya, inda nakiyoyi ke tashi da manoma, an horar da ƙauyawa da ƙananan ma'aikatan lafiya, sai mace-mace suka sauko daga kashi 40 cikin ɗari zuwa kusan 15.

Mu kuwa muna da namu abin dogaro, amma mun mai da shi abin zargi. Aliero ta yi suna da ɗori kamar yadda ta yi da albasa, daga nesa ake kawo masu karaya. 'Yan boko da yawa kallon annoba suke yi wa masu ɗori, kuma ba a rasa dalili ba: ɗaurin da ya yi tsanani yakan toshe jini, ƙafa ta ruɓe, a ƙare da yankewa. To amma shekara nawa aka yi ana zagi, majinyata sun fasa zuwa? A kudancin Habasha kwas na yini ɗaya aka yi wa masu ɗori, yanke gaɓoɓi saboda ruɓewar ɗori ya faɗo daga 25 zuwa 7 cikin shekara biyu. Mai ɗorin da ya san cewa ƙashin da ya huda fata, ko yatsun da suka yi sanyi suka sauya launi, aikin likita ne, ya fi motar da ke ajiye babu mai.

Ban ce a daina sayen mota ba. Dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti korar mai buƙatar gaggawa, ta kuma ware wa wannan fanni kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko. Amma doka da mota duk mai rai suke yi wa amfani.

Ga kwalejin kiwon lafiya a Jega, ga jami'a a Aliero. Me zai hana malamansu su shiga tasha, su tara direbobi da 'yan kamasho da 'yan kabu-kabu, su koya musu abu uku: danne jini, kwantar da sumamme a gefensa, ɗaukar mai rauni ba tare da an lanƙwasa wuyansa ba? Su kuma riƙa rubuta adadin waɗanda suka isa asibiti da rai, domin mu san inda muka kwana.

Saurayin nan bai kai asibiti ba. Rawani ɗaya da hannu biyu sun isa su danne cinyarsa, kuma rawuna sun fi goma a wurin.