A maida silimar ɗalibi gaban mutanen da aka ɗauka

Tun farkon shekarun 2010, lokacin da makarantar IFTIC ta Yamai ta shiga koyar da shirya silimar gaskiya, ƙasar Nijar ta sami matasa waɗanda suka koyi wannan sana'a a cikin aji. A cikinsu akwai Aïcha Macky ta Damagaram, wadda gajeren fim ɗinta na farko ya fito a 2011, kafin ta shirya L'Arbre sans fruit a 2016 da Zinder a 2021. Kayan aiki kuma sun yi araha, har ɗan lakwal mai telefon da kwamfutar aro yana iya haɗa fim na minti goma sha biyar. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga yaron Dogon Dutsi ko na Tibiri ya zo gida hutu da na'ura a hannu, ya ɗauki masu noman rani na bakin Tapkin Saw, ko mata a bakin rijiya, ko mahauta ranar kasuwa, ya koma Yamai ya yanka ya haɗa, ya nuna wa malamansa, a ba shi maki. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne, mutanen da suka ba da fuskarsu da muryarsu ba su taɓa ganin abin da aka yi da su. Wannan asara ce ga ɗalibin kansa kafin ta zama rashin kyautawa ga jama'a, kuma tarihin silimar ƙasar nan ya riga ya nuna yadda ake kauce mata.

A 1951 Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki farautar dorina wadda Sarkawa ke yi a kogin Isa, a yankin Ayoru. Ya haɗa fim ɗin a Faransa, ya sa masa suna Bataille sur le grand fleuve, kuma domin ya ƙara wa ƴan kallo shauƙi ya ɗora kiɗan maharba a kan wurin da ake bin dorinar. A 1954 ya komo Ayoru da injin wuta da na'urar haska hoto, aka rataya farin ƙyalle, aka nuna wa masu farautar aikinsu. Da idonsu ya saba da abin, sai suka shiga gyara masa. Suka ce kiɗan nan ba ya da wuri a nan, domin dorina tana da kunne mai kaifi ko tana ƙarƙashin ruwa, kuma cikin shiru ake binta. Duk wanda ya kalli fim ɗin a birnin Paris bai ga wannan kuskure ba, kuma ba ya da hanyar ganinsa. Rouch ya cire kiɗan, ya kuma rage ɗora kiɗa daga waje a kan irin waɗannan finafinai nasa na baya.

Daren nan bai tsaya ga gyara kawai ba. A wurin ne Damure Zika ya kawo shawarar a shirya fim wanda su da kansu za su fito a ciki, abin da ya haifi Jaguar, labarin samari uku masu tafiya cin rani Gwalkwas. A wurin ne kuma wani maharbin zaki, Tahiru Koro, ya gayyaci Rouch ya zo ya ga yadda suke farauta da kwari da baka, aikin da ya fito a 1965 da sunan La Chasse au lion à l'arc. Umaru Ganda, wanda ya ci kyautar farko ta Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, ta irin wannan ƙofa ya shiga sana'ar: a fim ɗin Moi, un Noir na 1958 an haska masa hoton da aka ɗauke shi a Abijan, yana kallo yana faɗin abin da ke ransa, maganarsa kuma ta zama muryar fim ɗin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda aka ɗauka shi ya san inda hoto ya yi masa ƙarya.

Ƙasar Arewa ta daɗe tana shiga idon na'ura da alƙalamin masu bincike. Marc-Henri Piault ya zauna cikin Arawa a shekarun 1960, ya ɗauki hotunan silima, ya wallafa Histoire Mawri a 1970. Labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, Abdullahi Mamani ya maida shi ƙagaggen littafi a 1980, Med Hondo kuma ya maida littafin silima a 1986, ya ci kyautar Yennenga a 1987. Fim ne mai daraja, ya ɗaukaka sunan Lugu a duniya. Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma mafi yawan zancensa cikin Julanci da Faransanci yake. Yaron da ya girma a Yamai yana iya zuwa Lugu da siffar Sarauniyar silima a kansa, mai doki da mashi, ya tarar da sarautar Azna wadda ke tafe da tsarki da hane-hane da dutsen Tunguma, ya ɗauki abin da yake nema ya bar abin da ke gabansa. Babu malamin aji da zai gane wannan. Tsohuwar Lugu ko dattijon Bagaji kallo ɗaya ya ishe su.

Sai dai nuna fim ga jama'a aiki ne mai ƙa'ida, kuma wanda bai san ta ba zai koma da hannu wofi. Lokacin da ya dace shi ne bayan haɗin farko, kafin a gyara sauti a rubuta sunaye, sa'ad da yanke wani wuri bai zama ɓarna ba tukuna. Wanda ya kawo fim gamamme ya ce a ba shi shawara, yabo yake nema, kuma zai same shi, domin Ba'are ba ya kunyata ɗan gida a bainar jama'a. Za a ce masa aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira, a watse. Saboda haka bai kamata ɗalibi ya tambayi jama'a ko fim ya yi musu daɗi ba. Ya roƙi mutum ɗaya ya maimaita masa labarin da ya gani, daga farko har ƙarshe, kamar yadda zai ba maƙwabcinsa da bai zo ba. A cikin wannan maimaici ne zai ji cewa an ɗauki ƙanen manomin a matsayin ɗansa, ko an zaci damina biyu damina ɗaya ce, ko kuwa wurin da ya kwana uku yana gyarawa babu wanda ya tuna da shi.

Kuma ya zauna a gefen ƙyallen, fuskarsa ga mutane, ya bar kallon aikin da ya riga ya haddace. Inda aka fara hira, inda yara suka tashi, inda aka yi dariya ga abin da ya nufa da tausayi, inda wuri ya yi tsit, duk ya rubuta su da mintinsu. Ya sani kuma cewa nunin farko ba a cika samun kome a cikinsa ba, tun da kowa na neman fuskarsa da ta ɗan'uwansa ana ihu. A Ayoru ma sai da aka maimaita kafin gyara ya fito. A nuna sau biyu, ko sau uku, man inji ba shi ne zai talauta kowa ba.

Abu mafi wuya shi ne sanin bakin wa ake ji. In aka taru a ƙofar fada, maigari zai fara magana, limami ya bi, malamin lakwal ya fassara, sauran jama'a su ce haka ne. Matar da aka ɗauka tana jan guga tun asuba tana can baya, ba za ta ɗaga murya a gaban surukinta ba, alhali kuwa ita ce ta san cewa igiyar da aka nuna ba ta kai zurfin rijiyar ba, ko kuwa an nuna ta cikin shigar da ba ta so a ganta da ita. Dole a yi wa mata nasu nunin a cikin gida, a yi wa samari nasu, kuma wanda fim ya tsaya a kansa a fara nuna masa shi kaɗai kafin gari ya gani. Tsofaffin ma'aikatan wayar da kan jama'a sun san wannan darasi. Ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a 1962 a kansa ta ginu: a saurari shiri a ƙauye, a tattauna, mai kula da kulob ya ɗauki muryoyin manoma a faifai ya aika Yamai, a sa su cikin shiri na gaba. Abin da rediyo ta iya da batir da tef shekaru sittin da suka wuce bai fi ƙarfin ɗalibi mai kwamfuta ba.

Akwai masu cewa wannan hanya tana kashe fasaha, domin in kowa ya sa baki fim zai zama tuwon gayya, ba gishiri ba yaji, kuma mai shirya silima ba wakilin gari ba ne. Maganarsu tana da gaskiya a ciki, kuma ya wajaba a amsa ta. Sauraro daban, biyayya daban. In jama'a sun ce an yi kuskure ga abin da yake a zahiri, kamar sunan unguwa, ko jerin aikin gona, ko ma'anar wata kalma ta Arewanci da aka fassara da Faransanci a karkace, to babu gardama, sai a gyara. In wani ya ce maganar da ya yi za ta jawo masa fitina da dangi ko da hukuma, wannan amana ce, kuma diflom ɗin ɗalibi bai kai auren mace ko zaman lafiyar magidanci ba. A ɓoye fuska, ko a cire wurin. Haka nan abin da masu bori ko masu kula da wuraren tsafi suka ce ba a nuna wa bare. Amma in abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne fim ya nuna aji mai rufin kara wanda iska ta ɗebe, ko ƴan mata da aka cire daga lakwal aka aurar, ko rikicin gona tsakanin manomi da makiyayi a Dallol Mawri, kuma abin haka yake, to ɗalibi ya saurara da ladabi, ya bar hotonsa yadda yake. Yana ma iya ɗaukar wannan muhawara ya sa ta cikin fim, kamar yadda Rouch da Edgar Morin suka yi a Chronique d'un été na 1961, inda aka ga waɗanda suka fito suna zaune suna sukar abin da aka nuna musu.

A nan ne jan kunne ya hau kan ma'aikatan hukuma. Ranar da magajin gari ko wakilin perefe ya zauna a kujerar gaba ya fara faɗin wurin da za a yanke domin kare sunan gunduma, nunin ya tashi daga shawara ya koma tacewa, kuma ɗalibin da aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake kawo aikinsa gida ba. Taimakon da ake bukata gare su mai sauƙi ne: filin lakwal ko gidan samariya, izinin taro, aron injin wuta, da mai shela. In sun zo kallo, su yi magana a ƙarshe. Su ma suna da riba a ciki, domin abin da mata za su faɗa game da famfon da ya lalace bayan sun gan shi a ƙyalle ba ya cikin rahoton da ake aiko musu.

Ɗalibi shi ma akwai tarkon da ke jiransa. Yau yana iya sa fim a Facebook ko WhatsApp ya ƙirga waɗanda suka yaba, ya ɗauka ya ji ra'ayin jama'a. Mafi yawan masu amsa masa abokan karatunsa ne da ƴan uwa mazauna birni, kuma abin da ya shiga telefon ba ya komowa: in akwai kuskure ko tonon asiri a ciki, ya riga ya kai Legas da Abijan kafin mai shi ya ji. Nunin ƙauye shi ne na fari, intanet ta biyo baya.

Makarantun da ke koyar da wannan sana'a su ne ke riƙe da mabuɗin. Muddin maki na fitowa daga kallon malamai uku a cikin ɗaki a Yamai, ɗalibi ba zai kashe kuɗin mota zuwa Matankari ko Gesheme ba. Ya kamata a sa nunin ƙauye cikin sharuɗɗan jarrabawa, a ware masa kuɗi cikin abin da ake kashewa ga fim, ɗalibi kuma ya kawo takarda mai faɗin inda ya nuna, da waɗanda suka halarta, da abin da suka ce, da abin da ya gyara, da abin da ya ƙi gyarawa tare da hujjarsa. Masu yawo da silima ƙauye ƙauye, irin ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant wadda ta fara aiki a Nijar a farkon shekarun 2000, sun nuna cewa mota ɗaya da ƙyalle da lasifika sun isa su tara gari. Tun da aka raba Tibiri da Dogon Dutsi a 2011 kowace gunduma na da nata ma'aikatan raya al'adu da na karatun manya, kuma waɗanda suka gama ajin yaƙi da jahilci su ne suka fi cancanta su riƙe alƙalami a daren nuni, su rubuta maganar jama'a da Hausa kamar yadda aka faɗe ta, su miƙa wa ɗalibin kofi ɗaya, ɗaya kuma ya zauna wurin maigari tare da fim ɗin bayan an gama shi.