A Haɗe Hanyar Keke Kafin a Tare a Sabuwar Unguwa

Akwai wani abu da ya zama ruwan dare a sababbin unguwannin da ake ginawa a bayan garuruwan Turai, musamman ma na Ingila. Kamfanin gini zai sayi gona, ya gina gidaje ɗari biyu ko uku, ya shimfiɗa hanyar keke mai kyau a cikin unguwar, amma da an iso iyakar filinsa sai hanyar ta yanke. Daga nan zuwa makaranta ko kasuwa ko tashar jirgin ƙasa, tilas mahayin keke ya faɗa babban titi ya yi gogayya da motoci. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa irin wannan giɓi shi ke kashe amfanin hanyar baki ɗaya, kuma lokacin da ya dace a cike shi shi ne tun kafin mutane su tare.

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya lura da yadda mutum ke auna hanya. Uban da zai bar ɗansa ɗan shekara goma ya tafi makaranta a kan keke, abin da zai duba shi ne wurin da ya fi hatsari. Idan tafiyar kilomita uku ce, biyu da rabi a killace suke, amma sauran rabin ya bi ta shataletalen da manyan motoci ke kewayawa, to a wurin wannan uba hanyar duka ba ta biyuwa. Misalinta kamar gadar da aka gina ta tsaya a tsakiyar kogi ne: an kashe kuɗi, an zuba siminti, amma babu mai hayewa.

Birnin Seville na ƙasar Sifen, wanda malaman tarihin Andalus suka sani da suna Ishbiliya, ya isa shaida a kan haka. Kafin shekarar 2006 birnin yana da guntayen hanyoyin keke da ba su wuce kilomita 12 ba, nan kaɗan can kaɗan, babu wadda ta sadu da 'yar'uwarta, masu binsu kuwa ƙalilan ne. Sai hukumar birnin ta tashi ta shimfiɗa kimanin kilomita 80 a haɗe cikin ƙasa da shekara biyu, ta kuma raba su da hanyar mota. Ya zuwa 2010 tsawonsu ya kai kilomita 120, yawan tafiye-tafiye a kan keke kuma ya ninka fiye da sau biyar. Mutanen dai su ne, zafin garin ma bai ragu ba. Abin da ya canza shi ne, mutum ya iya fita daga ƙofar gidansa har inda za shi ba tare da hanya ta yashe shi a tsaka ba.

Na biyu kuma shi ne batun lokaci. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyalin da suka tare a sabon gida, a cikin makonnin farko ne suke tsara yadda za su riƙa zuwa aiki da kai yara makaranta. Idan suka tarar babu hanyar keke mai aminci, sai su ci bashi su sayi mota ta biyu, kuma da wuya su jingine ta don an kawo hanyar bayan shekara biyar. Garin Houten da ke kusa da Utrecht a ƙasar Holan ya bi ta ɗaya hanyar. A 1966 ne gwamnati ta zaɓe shi, yana ƙaramin ƙauye, don ya ɗauki ƙarin jama'a. Masu tsara shi suka sa hanyoyin keke a tsakiya, suna haɗa unguwanni da makarantu da tashar jirgi kai tsaye, mota kuwa sai ta fita zuwa titin da ya kewaye garin kafin ta shiga wata unguwa. Yau mutanen garin sun kai kimanin 50,000, kuma zuwan yara makaranta a kan keke ya zama abin yau da kullum.

To, wa zai biya? Nan ne gizo ke saƙar. Kamfanin gini yakan ce ikonsa ya ƙare a iyakar filinsa, ƙaramar hukuma kuma ta ce ba ta da kuɗi. Alhali a Ingila doka ta tanadi mafita, domin sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990 ya ba hukuma damar ƙulla yarjejeniya da magini don ya ba da gudummawa ga ayyukan da gininsa ya wajabta. Haka nan kuma, a 2023 an wajabta neman shawarar hukumar Active Travel England a kan duk wani gini mai gidaje 150 ko fiye. Inda ake samun cikas shi ne, sau da yawa akan jinkirta biyan kuɗin har sai an shiga wani adadi na gidajen, sa'an nan aikin kansa ya jira a sasanta da masu filayen da ke tsakani. Kamata ya yi a juya wannan tsari. Kamar yadda ba a yarda a tare a gidan da ba a ja masa ruwa da lantarki ba, haka ya dace a ƙi ba da izinin tarewa sai hanyar keke ta sadu da ta cikin gari.

Babu shakka wani zai kawo hujja da garin Stevenage, na farko cikin sababbin garuruwan da Ingila ta gina bisa dokar 1946. Injiniya Eric Claxton ya tsara masa hanyoyin keke a haɗe, har da mashigai ta ƙarƙashin tituna, amma duk da haka mutanen garin suka rungumi mota. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Sai dai a Stevenage an sauƙaƙa wa mota tafiya ƙwarai, tituna masu faɗi, wurin ajiya ko'ina, har ya zama mai keke bai riga mai mota isa ba. Darasin da ke ciki shi ne, bayan an haɗe hanyar, lalle ne kuma ta zama gajera, miƙaƙƙiya, mai fitila da dare. Stevenage bai nuna cewa yankakkiyar hanya tana da wani amfani ba.

Daga ƙarshe, maganar ba ta tsaya ga Turawa kaɗai ba. Biranen ƙasar Hausa irin su Kano da Zariya da Katsina suna ta miƙewa, rukunin gidaje na tsirowa a inda jiya gonaki ne. Ɗalibi da lebura da mai tallan ruwa har yanzu da keke suke dogaro, kuma su ne ake matsewa a gefen kwalta tsakanin tirela da lambatu. A lokacin da ake yanka filaye, ware 'yan mitoci don hanyarsu ba ya cin kuɗi mai yawa. Idan aka bari gine-gine suka cika, sai an yi rusau an biya diyya, wanda kuwa hukuma ba ta cika son yi saboda talaka mai keke ba. Saboda haka, masu tsara birane su zana wannan hanya tun a takardar farko, su kuma tabbatar ta kai inda mutane ke zuwa.