A gyara gadoji kafin damana

Gadar ƙauye ba ta faɗuwa rana ɗaya. Rairayi kan toshe mata hanyar ruwa, korama ta zaizaye gindinta, sannan kamiyon albasar Galmi ko na waken Maraɗi ya ƙarasa ta. Damanar 2024 ta nuna tsadar sakaci: hanyoyi sun yanke, motocin kaya sun yi cirko-cirko.

Alhali maganin bai fi ƙarfin aljihun ƙananan hukumomi ba: yashe rairayi tun da rani, ɗaure gindi da ragar waya cike da duwatsu, liƙe tsaga da siminti. Dokar UEMOA ta 2005 ta ƙayyade lodin manyan motoci. A aiwatar da ita har karkara. Ƴan kasuwa su rage lodi, mahukunta su fito da kuɗin gyara kafin hadari ya haɗu.