Kada a yi gaggawar binne tsofaffin kwamfutocin bankuna

A watan Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa daga tsohon tsarin kwamfuta zuwa sabo cikin hutun ƙarshen mako guda. Da gari ya waye ranar Litinin, kimanin mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu ma suka riƙa ganin bayanan asusun da ba nasu ba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka daga muƙaminsa a watan Satumban shekarar. A ƙarshen 2022 hukumomin kuɗi na ƙasar suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65.

Duk mai son ya maye gurbin tsohuwar kwamfutar da ke riƙe da kuɗin jama'a ya kamata ya fara karanta labarin TSB.

Har yau manyan bankuna, kamfanonin inshora, kamfanonin jiragen sama da hukumomin haraji na ƙasashe da dama suna dogaro ne da wata irin babbar kwamfuta da ake kira menfirem. Asalinta na komawa ga System/360 da kamfanin IBM ya fitar a 1964, kuma yawancin manhajojin da ke gudana a kanta an rubuta su ne da COBOL, harshen kwamfuta da aka ƙirƙira a 1959. Abin da ya sa ba a yar da ita ba shi ne tana sarrafa hada-hada masu ɗimbin yawa a lokaci guda ba tare da ta riƙa tsayawa ba.

Matsalarta a wani wuri take. Masu iya rubuta COBOL suna tsufa suna ritaya. A Afrilun 2020, lokacin da cutar korona ta jefa mutane da yawa cikin rashin aiki, gwamnan jihar New Jersey a Amurka, Phil Murphy, ya fito yana roƙon masu sanin COBOL su taimaka, saboda tsarin biyan tallafin marasa aiki na jihar ya haura shekara 40. Ga kuma bayanan da ke cikin irin waɗannan kwamfutoci: ana adana kwafinsu a kan kaset na tef, kuma an rubuta su da tsarin haruffa na EBCDIC, wanda manhajojin zamani ba sa karantawa sai an juya shi.

Shi ya sa nake ganin hanyar da ta fi hankali ita ce a haɗa tsohuwar kwamfutar da rumbun ajiya na intanet, wanda masana ke kira gajimare, maimakon a tumɓuke ta gaba ɗaya. A bar ta tana lissafin kuɗin shiga da fita kamar yadda ta saba. A fara da kwafin ajiya da tsofaffin bayanan da ba a taɓa su kullum, a aika su rumbun intanet irin na Amazon, Microsoft ko Google. Daga nan masu bincike kan zamba ko masu duba asusu za su iya nazarin bayanan ba tare da sun taɓa injin da ke biyan albashin mutane ba. Idan wani abu ya lalace a wannan mataki, kuɗin kowa na nan lafiya.

Amma wannan hanya ma tana da nata tarko. Kamfanonin rumbun intanet ba sa caji sosai wajen shigar da bayanai, amma suna cajin fitar da su, don haka wanda bai yi lissafi ba zai iya tarar da kansa a ɗaure. Kwafin da ba a gwada dawo da shi ba kuwa, ba kwafi ba ne. Sannan akwai tambayar inda bayanan za su zauna da kuma dokar ƙasar da za ta yi iko da su.

Mu a Najeriya mun ɗanɗana irin wannan a watan Oktoban 2024, lokacin da wasu manyan bankuna suka sauya tsarin da ke gudanar da asusun jama'a, mutane suka kwashe kwanaki tura kuɗi na gagararsu, masu POS suka yi ta fama. Babban Bankin Najeriya na da hurumin tilasta wa bankuna su gwada duk wani sauyi a kan kwafi tukuna, su kuma tanadi hanyar komawa tsohon tsari idan abu ya ɓaci. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ita ma ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan 'yan ƙasa waje. A yi aiki da su tun kafin wani banki ya sake sanar da sauyin tsari.