Wanda Ya Haƙa Rami, Shi Zai Cike

Ba mu manta da ambaliyar 2012 ba, lokacin da kogin Binuwai ya cika ya batse daga Lagdo har Garwa. Wannan daga Allah ne. Amma ramukan da masu haƙar zinariya ke bari a Mayo-Rey aikin mutum ne. Ba magudana, ba shinge. Da damina ruwa ya cika su, saniya ta ɗauka mashaya ce, ta zurma. Na gani da idona.

Don haka in jami'ai za su duba ɓarna, su tafi da Arɗo, shi ya san burtali. Kada lissafi ya tsaya kan injuna, a sa shanunmu. A cike ramukan tun da rani.